Ga mai shirin zuwa Ingila da yara: a nan iyaye ake kamawa kan fashin makaranta

'Yar'uwa, saƙonki ya iso. Kin ce maigida ya samu gurbin digiri na uku, za ku taho da yaranku uku 'yan firamare, kuma kina son komawa gida da su na wata guda a Fabrairu saboda bikin ƙanwarki. Babu wanda zai hana ki tafiya a filin jirgi, amma idan kin dawo takardar tara na jiran ki, ke da maigida.

Dokar ilimi ta 1996, sashe na 444, ta ɗora wa iyaye alhakin zuwan yaro makaranta, daga zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 5 har zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni a shekarar karatun da zai cika 16. Sau biyu ake kiran suna a rana, safe da bayan azahar. Tun Agustan 2024, idan yaro ya rasa kira 10 ba da izini ba cikin makon karatu 10, wato kwana 5 ke nan, dole makaranta ta duba batun tara. Makara ma tana shiga lissafi idan an riga an rufe rajista kafin yaro ya iso.

Tarar fam 80 ce idan aka biya cikin kwana 21, in an wuce haka ta zama 160. Inda mutanenmu ke shan mamaki shi ne, kowane yaro da tasa, kuma uwa da tata, uba da tasa. Ku biyu da yara uku takarda 6 ke nan, fam 480, in kuka yi jinkiri 960. Aka sake cikin shekara 3, fam 160 ne kai tsaye, babu ragi. A karo na uku ba a ma rubuta tara, ana iya wucewa kotun majistare, inda hukunci kan kai fam 2,500 ko ɗaurin wata 3 idan aka tabbatar iyaye sun sani kuma suka ƙyale.

Za ki ji wasu na cewa ai gara a biya tarar, tunda tikitin jirgi lokacin hutu ya fi ta tsada. Ni ban ba ki wannan shawarar ba. Su masu faɗin haka yawancinsu fasfon ƙasar ke hannunsu, ku kuwa da biza kuke zaune. Tarar da aka biya ba ta zama tabon laifi, amma hukuncin kotu yana zama, kuma duk lokacin sabunta biza sai an tambaye ku ko an taɓa yanke muku hukunci. Ga kuma wata guda da kika ambata: kwana 20 na karatu a jere babu izini na iya sa a cire sunan yaro daga rajista, idan aka bincika ba a ga alamar dawowarsa ba. A unguwar da makarantu suka cika, sai ki dawo ki tarar an bai wa wani gurbin.

Kada kuma ki dogara da cewa yaranki ba sa fashi sauran shekara. Wani Bature, Jon Platt, da wannan hujjar ya tsaya bayan ya kai 'yarsa hutu Amurka ana tsakiyar karatu. Ya yi nasara a ƙananan kotuna, amma a 2017 Kotun Ƙoli ta ce zuwa makaranta a kai a kai yana nufin duk ranar da makaranta ta ce a zo.

Rashin lafiya uzuri ne, ki kira makaranta da safe kawai. Ranar Sallah ma doka ta amince da ita a matsayin ranar ibada, amma galibi kwana ɗaya ake bayarwa, ba makon yawon Sallah ba. Abin da ya wuce wannan yana hannun shugaban makaranta, kuma sai da dalili na musamman da aka nema a rubuce tun kafin tafiya. Rasuwa ta kusa takan samu 'yan kwanaki. Biki na wata guda, da wuya ƙwarai.

Abin da ya fi damuna ma ba bikin ba ne. Yaron da ya zo sabo, ga sanyi, ga duhun safiya, ga Turancin da bai saba da karinsa ba, wani lokaci ga tsangwamar 'yan aji, yakan fara da ciwon ciki kullum da safe. Uwa ta tausaya ta bar shi a gida, kwanaki su taru. Idan kika ga haka, ki je makarantar da kanki tun a makon farko ki faɗa musu. Ƙa'idarsu ta ce a fara da taimako kafin tara, kuma sun fi sassauta wa uwar da ta zo da ƙafarta fiye da wadda wasiƙa ta nemo.

Batun biki kuwa, hutun tsakiyar zango na Fabrairu mako ɗaya ne kacal. Babban hutu na kusan mako 6 yana farawa ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Ki roƙi su Hajiya ko za a iya matsar da ranar zuwa Agusta. In ba zai yiwu ba, ki tafi ke kaɗai, yara su zauna da babansu.