Antibairos na kyauta ya isa, ko sai an yi min kirak na kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta zo da antibairos na gwaji, yanzu wa'adinsa ya ƙare, kullum sai ya fito min da jan rubutu wai ina cikin haɗari. Na kai wa mai gyara, ya ce na kyauta duk shirme ne, har wanda ke cikin Windows. Ya ce zai sa min na kuɗi wanda aka yi wa kirak, wato aka fasa makullinsa, ba sai na sayi lasisi ba, amma sai ya kashe na Windows tukuna don yana hana shi shiga. Ban amince ba, na ɗauko abata. Aikin digirina na shekara biyu da hotunan yarana duk suna ciki, kuma a nan nake shiga banki. Kwana uku ke nan ban kunna ta ba saboda tsoro. Don Allah na kyauta yana kare mutum da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kunna kwamfutarki, babu abin da ya same ta. Jan rubutun nan talla ne, kamfanin yana so ki biya. Ki cire manhajar gwajin gaba ɗaya, ki sake kunna kwamfutar, sannan ki buɗe Windows Security ki tabbatar Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke cikin Windows, ya farka. Yana janye jiki ne idan ya ga an sa wani antibairos, yana kuma dawowa bakin aiki idan an cire shi.

Ga mai kwamfuta a gida, Defender ya isa. Maganar mai gyaranki tsohon labari ne. A wajajen 2012 da 2013 antibairos ɗin Microsoft ya sha kunya a gwaje-gwaje, kuma ya cancanci dariyar da aka yi masa. Amma a 'yan shekarun nan, cibiyoyin da aikinsu ke nan, AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya, suna sa shi a sahu ɗaya da na kuɗi wajen tare cuta. Rauninsa da na sani shi ne ya dogara da intanet sosai, yana tambayar uwar garken Microsoft a kan fayil ɗin da bai gane ba. Kwamfutar da ke daɗewa ba ta hau intanet ba, kuma ana yawan cusa mata filashin mutane, idonsa ba ya kaifi a kanta kamar yadda ya kamata.

Akwai na kyauta daga wasu kamfanoni, irin su Avast da AVG da Avira da Bitdefender. Galibi injin da ke kama cutar ɗaya ne da na kuɗinsu. Abin da ake sayarwa kayan ƙari ne: VPN mai ɓoye zirga-zirgarki a intanet, ma'ajiyar kalmomin sirri, sa ido kan abin da yara ke kallo, da wanda za ki kira idan abu ya rikice. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Za su dame ki da talla, wani lokaci kuma abin ya wuce talla. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa Avast na sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa shi biyan dala miliyan 16.5. Malwarebytes na kyauta kuwa ba mai gadi ba ne, sai kin kira shi yake bincike, shi ya sa yana zama lafiya da Defender. Ban da irinsa, kada ki haɗa masu gadi biyu a kwamfuta ɗaya, faɗa za su yi ta yi, ita kuma ta yi nauyi.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai a wasiƙarki, kuma kusan kowane mako sai na ji shi daga bakin wani: "A kashe antibairos tukuna, ƙarya yake yi, kirak ɗin lafiyarsa ƙalau."

Ki duba abin da aka ce za a yi miki da kyau. Antibairos shi ne manhajar da ta fi kowace iko a kwamfuta. Yana shiga can cikin zuciyar Windows, yana buɗe kowane fayil, yana ganin abin da ke shiga da fita. To wani da ba ki sani ba, mai gyaran ma bai san shi ba, ya ɗauki wannan manhaja ya farke ta, ya ɗinke da abin da ya ga dama, ya watsa a intanet. Za a sallami mai gadin da ke bakin ƙofa, a shigo da wannan, a miƙa masa makullan gidan duka. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ina tambayar masu wannan sana'a, mutumin da ya ɓata kwanaki yana fasa manhaja, ya biya kuɗin ajiye ta a shafi, sadaka yake yi?

Ko da a ce babu komai a cikinsa, antibairos ɗin kirak gawa ne. Domin kada kamfanin ya gane lasisin na bogi ne, sau da yawa kirak ɗin yana toshe hanyar da manhajar ke bi ta yi magana da gida, ta nan kuma sabuntawa ke zuwa. AV-TEST ta ce tana rajistar sababbin miyagun manhajoji sama da 450,000 a kowace rana. Sai ki ga alama koriya tana cewa komai lafiya, alhali jerin cututtukan da ya sani na bara ne. Defender kuma an kashe shi. Wannan ya fi zama babu antibairos muni, domin wanda ya san ba shi da kariya yana taka-tsantsan.

Akwai ɗan ƙanshin gaskiya a maganarsu, kuma da shi suke yaudarar mutane. E, antibairos yana yi wa kirak ihu ko da babu wata cuta a ciki, domin aikin kirak kansa, wato sauya wata manhaja a ɓoye, ya yi kama da na cuta. Amma mai gyaran ba shi da hanyar bambance ihun banza da na gaske. Hujjarsa ɗaya ce, "na sa wa mutane da yawa, ba wanda ya dawo". Yaya za su dawo? Cutar zamanin nan ba ta rage wa kwamfuta gudu, ba ta fito da hoton ƙoƙon kai. Irin su RedLine da Vidar da Lumma, cikin 'yan daƙiƙoƙi suke kwashe kalmomin sirrin da kika adana a burauza, da bayanan katin banki, da ƙananan fayilolin da ke shaida wa Gmail ko Facebook cewa kin riga kin shiga. Da waɗannan ɓarawo na iya shiga asusunki ba tare da an turo lambar tabbatarwa ba. Bayan wata biyu a sace asusun, mai shi ya ce "an yi min kutse", ba zai taɓa tuna ranar da aka sa masa kirak ba. A Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal.

Wadda ta fi shafar aikin digirinki ita ce STOP, wadda ake kuma kira Djvu. Manhajar garkuwa da fayiloli ce, kuma ta cikin kirak da manhajojin kunna Windows da Office na bogi ta fi yaɗuwa. Takan kulle takardu da hotuna, ta bar wasiƙa tana neman kuɗin fansa, a shekarun baya dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Idan ta samu intanet lokacin da take kullewa, makullin yana hannun ɓarayin kaɗai. Na zauna da mutane suna hawaye a kan wannan, na ce musu zan iya cire cutar amma ba zan iya buɗe fayilolin ba. Idan na tambaya, amsar ba ta sauyawa: an ce musu su kashe antibairos na minti biyar.

Wasu masu gyaran ma ba sa kashe shi, sai su sa folda guda, wani lokaci faifan C gaba ɗaya, a jerin wuraren da aka hana Defender dubawa. Yana nan a kunne, an ɗaure masa ido. Tunda kwamfutarki ta je hannunsa, ki shiga saitin Defender, ki nemo Exclusions, ki goge duk abin da ba ke kika sa ba.

Akwai abubuwan da antibairos ba ya yi, na kuɗi ne ko na kyauta. Ba ya hana ki rubuta kalmar sirrinki a shafin banki na bogi idan shafin sabo ne, ba ya hana ki karanta wa mai kiran waya lambar da aka turo miki. Ba ya kuma toshe ramin da ke jikin Windows kanta. Ta irin wannan rami cutar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ramin tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba. Don haka ki bar sabuntawa a kunne. Idan Windows 10 ce, tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ki duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11.

Aikin digirin kuwa, a daren nan ki kwafe shi da hotunan zuwa faifai na waje, ki ajiye wani kwafin a Google Drive ko OneDrive. Idan kin gama, ki zare faifan, domin manhajar garkuwa tana kulle duk abin da ta tarar a jone da kwamfutar.