Tambaya da Amsa: Kwamfutar falo don jin sauti kawai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ina da wata tsohuwar amfilifaya da sifiku biyu da na gada wajen mahaifinmu, har yau sautinta garau. Waƙoƙi da ƙasidu da karatu sun cika min waya da filasha, kuma duk sanda na jona wayar sai kira ya shigo ya katse komai, wani lokacin ma kowa a falo sai ya ji ringin. Ina so in ajiye kwamfuta a falo aikinta ke nan, amma fa aljihun ba nauyi. Wace iri zan nema? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba da rahama. Kar ka sayi sabuwa, wallahi asarar kuɗi ce, kunna sauti ba wani aiki ba ne wajen kwamfuta, wadda ta shekara goma ma za ta yi shi tana gyangyaɗi.

Fara duba gida tukuna, in akwai tsohuwar laftof da aka jingine saboda allonta ya tsage ko kibod ya mutu to ka samu, in batirin na ɗan riƙewa ma ya fi, don ko an ɗauke wuta ba za ta mutu tsakiyar waƙa ba. In babu, ka shiga wajen masu tokunbo ka ce ƙaramar kwamfutar ofis kake so, irin su Dell OptiPlex Micro ko Lenovo ThinkCentre Tiny, girmansu kamar littafi ne mai ɗan kauri. Ni dai na fi son marasa fanka irin HP t620 ko Dell Wyse 5070, ba gurnani da dare, kuma ba sa zuƙar ƙura lokacin hunturu. Ram 4GB ya wadatar, kar mai shago ya cika ka da surutun i7.

Za ka ji ana zancen Raspberry Pi, wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta. Tana da kyau, a saka mata manhajar kunna sauti ta Volumio ka riƙa sarrafa ta daga waya, sai dai kafin ka sayi caja da akwatinta da memori kuɗin ya taru, sannan ta 5 da ta fito a 2023 ba ta da ramin iyafis, ta 4 ce ke da shi.

Inda ya kamata kuɗinka ya je shi ne tsakanin kwamfutar da amfilifayar. Ka nemi kebul mai kan iyafis a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma baki biyu ja da fari, ka soka a bayan amfilifaya inda aka rubuta AUX ko CD ko TAPE. Ban da PHONO! Wannan ramin na faifan garmaho ne, in ka saka a can sautin zai fito a fashe har ka zaci sifikun ne suka lalace. In ka kunna ka ji wani zuuu a ƙasa-ƙasa, ko tsiii duk sanda ka motsa maus, laifin katin sautin cikin kwamfutar ne ko hanyar wuta. Fara jona su duka a soket ɗaya ka gani. In bai daina ba sayi ɗan USB DAC, abu ne kamar filasha da ke fitar da sautin daga waje, ko ƙaramin nan da ake sayarwa a matsayin adaftar iyafis ya kan yi. Ni tawa haka ta yi min, na kwana biyu ina zargin amfilifaya ashe cajar laftof ɗin ce ba ta asali ba, ina zare ta sai falo ya yi tsit.

Manhaja kuwa foobar2000 ko MusicBee ko VLC duk kyauta ne. Windows 10 Microsoft ta daina ba shi tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, in ba za ka hau intanet da ita ba ba damuwa, in za ka hau gara a saka maka Linux Mint a madadin Windows ɗin. MP3 mai ingancin 320kbps na cin kusan 2.4MB a minti ɗaya, ka ga hadis 500GB sai ka gaji ba ka cika shi ba. Amma ka ajiye kwafi a wani hadis daban a durowa, musamman abubuwan da ka kwafo daga kaset ɗin Baba waɗanda ba za ka sake samu a kasuwa ba.

Sai maganar wuta, ka san halinta, a saka sitabilaiza ko aƙalla soket mai kariya. Ka ce wa mai gyara ya saita BIOS, wato saitin tashin kwamfutar, ta riƙa tashi da kanta in an kawo wuta. Kuma kullum kwamfuta za ka fara kunnawa sannan amfilifaya, wajen kashewa amfilifaya ce farko, in ba haka ba wannan "dum" ɗin da ke fita sifikun ne ke shan sa.