Amsa: Shekara 35 tana rage kuɗin inshorar mota?

Malam, ka ce ka cika shekara 35, ka sayi Corolla, kuma ka ji wai mai shekarunka ya fi samun sauƙin inshora. Wannan zance na Ingila da Amurka ne. Can kamfani yana duba shekarun direba da tarihin haɗurransa. Ɗan ƙasa da 25 shi ke shan tsada, ɗan talatin da ɗoriya da ya daɗe bai nemi diyya ba kuwa rangwame ake yi masa.

A Najeriya ba haka abin yake ba. Inshorar dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a ƙasar, ita ce ta yanke mata farashi. Tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiyar wani kuma har miliyan 3. Da kai da ɗan 22 da dattijo, kuɗi ɗaya ne. Amma fa motarka ba ta ciki.

In kana son wadda za ta gyara taka, ko ta biya ka in an sace, darajar motar ake dubawa, kuɗin inshorar kuma ba ya ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar. Motar miliyan 8, tanadi dubu 400.

Ni abin da ya taɓa ƙona ni takardar bogi ce, a hannun wani dillali na saya. Kana biya, duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya da ke intanet. In ba ta fito ba, koma wa wanda ya sayar maka tun da zafi.