Tambaya da Amsa: Shin Bututun Haidurojin Zai Ratsa Gonakinmu Zuwa Turai?

Wasiƙun wannan mako duk a kan abu ɗaya suke, wato maganar da ake yi cewa nan gaba za a riƙa tura iskar haidurojin ta bututu daga Afirka zuwa Turai. Mun zaɓi huɗu daga karkarar Kano da Jigawa.

TAMBAYA: Na ji a rediyo cewa bututun gas da aka jawo daga Ajaokuta zuwa Kano zai iya ɗaukar wata iska mai suna haidurojin. Mece ce ita, kuma gaskiya ne? Daga wani manomi a Dawakin Kudu.

AMSA: Malam, haidurojin iska ce mai cin wuta, wadda ta fi kowace iska rashin nauyi. Idan ta ƙone, tururin ruwa take bari maimakon hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. Shi ya sa masu neman rage hayaƙi ke son ta maye gurbin gawayi da gas a masana'antar ƙarfe da ta takin zamani. Sai dai ƙera ta ake yi. Kusan duk wadda duniya ke amfani da ita yau, sama da tan miliyan 90 a shekara, daga gas da gawayi ake fitar da ita, kuma kowane kilo ɗaya da aka yi da gas yana sakin kilo 9 zuwa 10 na kabon. Mai tsabtar ita ce wadda ake samu idan an raba ruwa gida biyu da lantarkin sola ko na iska, kuma har yanzu ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

Bututun AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, don gas aka yi shi. Mayar da irinsa na haidurojin yana yiwuwa, amma aiki ne babba. Ƙwayar haidurojin ƙarama ce ƙwarai, tana kutsawa cikin jikin ƙarfe ta sa shi gautsi, musamman a wurin walda. 'Yar tsagar da ta shekara ashirin tana zaune lafiya da gas sai ta fara tafiya, kuma hawa da saukar matsin iska kullum yana ƙara mata gudu. Abin mamaki, ƙarfe mafi tauri shi ya fi saurin cutuwa. Don haka sai an tsayar da gas, an wanke cikin bututun, an cusa na'urar da ke bin cikinsa tana auna kauri da tsaga, an yanko samfurin ƙarfe da na walda an gwada su. Daga nan a sauya bawul da robobin toshe yoyo da mitoci, a kore ragowar iska ta hanyar cusa iskar naiturojin, sau da yawa kuma a rage matsin da bututun zai ɗauka.

Injinan matsa iska su ne babban kashe kuɗi. Mudu ɗaya na haidurojin, in mun kwatanta, kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfin mudun gas, saboda haka sai an tura ninki uku kafin a isar da makamashi daidai da na da, injinan kuma su ci wuta kusan ninki uku. Wasu na cewa a gauraya ta da gas kawai. An gwada, amma gaurayen kashi 20 cikin 100 hayaƙin da yake ragewa kusan kashi 7 ne kacal. Ga shi kuma masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa gas ɗin suke jira, ba a ɗauke hanya ɗaya tilo daga hannun mai jira a ba wanda bai iso ba. Jamus ta amince a 2024 da shirin kilomita 9,040 na bututun haidurojin, kusan kashi 60 tsofaffin na gas ne, amma can akwai wurare da yawa da layi biyu ko uku ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ana iya sakin ɗaya.

TAMBAYA: Tunda da ruwa ake yin ta, ba za a shanye mana ruwan noman rani ba? Daga wata mai noman shinkafa a fadamar Haɗejia.

AMSA: Hajiya, tsoronki na kan hanya, amma bari mu yi lissafi. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin lita 9 na tataccen ruwa, idan an haɗa da tacewa da sanyaya injina ya kai lita 20 zuwa 30. Tan miliyan ɗaya a shekara ke nan zai sha kubik mita miliyan 20 zuwa 30. Madatsar Tiga tana ɗaukar kusan biliyan 2, wato abin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wuri da lokaci. Masana'antar haidurojin tana son ruwa a watan Afrilu kamar yadda take so a Agusta, kuma tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejia zuwa Nguru ta ragu. Duk wanda zai zo da irin wannan aiki, a tambaye shi daga ina zai ɗebi ruwa, nawa a rana da bazara, kuma ina zai zubar da ruwan gishirin da ke saura bayan tacewa, don shi ke kashe ƙasar noma.

Abin da ya fi ruwa wuya shi ne wuta. Kilo ɗaya na cin kilowat 50 zuwa 55 na awa guda. Tan miliyan ɗaya zai ci fiye da duk lantarkin da babban layin ƙasa ke rarrabawa a shekara, tunda shi yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Idan da sola za a yi, ana bukatar kusan megawat 30,000. Tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a 2023 megawat 10 ce. A ganinmu bai dace a yi maganar fitar da wuta waje a siffar iska ba alhali mai injin niƙa a ƙauye da dizal yake kwana.

TAMBAYA: Iyakar Maigatari da muke kai dabbobi ma an rufe ta watanni. Ta yaya bututu zai ratsa ƙasa uku lafiya? Daga wani ɗan kasuwa a Gumel.

AMSA: Alhaji, ka taɓo inda ke yi wa masu kuɗin ƙaiƙayi. Bututun gas na ratsa Sahara, kilomita 4,128 daga Najeriya ta Nijar zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, an sake sa hannu a kansa a Yulin 2022. Shekara guda bayan nan aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Aljeriya ta daina tura gas ta bututun da ya ratsa Maroko a ƙarshen Oktoban 2021 saboda saɓani. Rikicin Nijar da Benin a 2024 ya tsayar da lodin man da aka turo ta bututu daga rijiyoyin Agadem na Nijar. Banki ba ya ba da bashin biliyoyin dala sai ya ga yarjejeniyar gwamnatoci kan kuɗin ratse da wanda zai yi sulhu in an saɓa, da mai saye da ya sa hannu na shekara 15 ko 20. A haidurojin akwai ƙari: sai ƙasashen sun yarda da ma'auni ɗaya na tsabtar iskar da matsinta a tashar awo ta kan iyaka, Tarayyar Turai kuma sai ta ga shaidar cewa da wuta mai tsabta aka yi ta. Ko a can Turai, layin haidurojin na H2Med daga Basalona ta Sifaniya zuwa Marsai ta Faransa da aka sanar a 2022, da layin kilomita 3,300 daga arewacin Afirka ta Italiya da Ostiriya zuwa Jamus, tsarawa ake yi tukuna.

Hanyar da ta fi kusa da mu ita ce taki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana cin kusan kilo 5 na haidurojin, wadda ake haɗawa da naiturojin ta zama amoniya, sinadarin da ake yin yuriyar da shi. Wannan ba ya bukatar ƙetare iyakar kowa, mai sayensa kuma yana Kura da Kadawa da Auyo.

TAMBAYA: Idan irin wannan bututu ya bi ta gonakin jama'ata, me zan gaya musu game da haɗari da diyya? Daga wani dagaci a ƙasar Kazaure.

AMSA: Ranka ya daɗe, a fara da haɗarin. Haidurojin ba ta da wari ko launi, harshen wutarta kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Tana kamawa idan ta kai kashi 4 har zuwa 75 cikin 100 na iska, gas kuwa tsakanin 5 da 15 ne, kuma ɗan tartsatsin da ba a ji ma ya ishe ta. Sauƙinta shi ne tana tashi sama da sauri a fili, a rufaffen ɗaki ne take taruwa ta fashe. Alamar yoyo ita ce ƙara kamar huci, ko ƙasa tana tashi, ko zafi ba tare da an ga wuta ba. A ja da baya ta ɓangaren da iskar gari ke kaɗowa, kada a tada babur a wurin, a yi nisa sannan a kira lambar da ke jikin alamar bututun. A gaya wa matasa babu abin da za a tara a jarka. Garmar shanu ba ta kai zurfin mita guda da ake binne shi, amma haƙa rijiya ko burtsatse, ɗibar ƙasar gini, dasa bishiya da ƙona sassabe a kan layin duk a hana.

Diyya kuma, a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ana biyan abin da ke kan ƙasa ne: amfanin gona, gini, rijiya da bishiyoyi irin su ɗorawa, kuka, tsamiya da mangwaro. Kowane mai gona ya tsaya da kansa ranar ƙirga, a ɗauki hoto, a rubuta girman kowace bishiya, ya karɓi kwafin takardar kafin ya dangwala. Gonar da ke hannun haya ko jingina, da ta gado da ba a raba ba, a warware wanda zai karɓi me a gabanka da shaidu kafin masu awo su iso. A kuma nemi a rubuta cewa ƙasar saman da aka kwashe za a ajiye ta daban a mayar da ita a sama, domin idan jar ƙasa ta hau kai, wurin kan yi shekaru bai ba da gero kamar da ba.