Kaza da Kusbara da Lemun Tsami: Me Ya Sa Tawa Ta Yi Ɗaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni malamar makaranta ce a nan Gyaɗi-Gyaɗi, yarana huɗu, kuma ba na shigowa gida sai wajen ƙarfe huɗu na yamma. Na ga bidiyon wata Ba'amurkiya a waya tana dafa kaza da lemun tsami da wani ganye da ta kira silantiro, ta ce cikin rabin awa an gama. Na aika Yankaba aka samo min ganyen. Ranar Laraba kafin in fita na matse lemun tsami goma a kan kazar Hausa, na jefa har ɓawon, na yanka ganyen duka na zuba, na rufe tukunya na bar ta a kicin. Da na dawo na ɗora, ta yi awa guda tana tafasa. Anti, ɗaci kamar maɗaci, ga tauri, ganyen kuma ya yi baƙi. Maigida loma biyu ya yi ya ce a haɗa masa shayi. Babbar 'yata kuwa tun da ta shinshina ganyen ta ce warin sabulu yake yi. A ina na kuskure? Ko kuwa abincin ne ba namu ba?
Daga mai karatu, Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, kuma kada wannan ya kashe miki gwiwa. Na san yadda mace ke ji idan ta ɗauke kwano ta tarar da nama kamar yadda ta zuba shi, ga kaza ba ta da arha a wannan zamani.

Kafin maganar ɗaci, akwai wuri guda a wasiƙarki da ya tayar min da hankali: ɗanyar kaza ta wuni a kicin daga safe har la'asar. Don Allah kada ki ƙara. Ɗanyen nama ba ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa guda ce iyaka. Kin kuwa san Kano, a watan Afrilu zafi na kai 40. Da yawanmu mun ɗauka lemun tsami yana kashe komai, saboda da shi muke wanke kaza. Ƙarni yake cirewa, amma ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da amai wuta ce maganinsu, sanyi kuma shi ke hana su yaɗuwa. Wasu ma idan sun samu wuni guda suna barin guba da ko tafasa ba ta fitar da ita. Allah ne ya tsare yaranki.

Shi ganyen ba baƙo ba ne kamar yadda kike zato. Kusbara ce. 'Ya'yanta ne waɗannan ƙananan kwalaye masu ruwan ƙasa-ƙasa da masu kayan ƙamshi ke aunawa a Kasuwar Kurmi, sunan ma daga Larabci muka aro shi. Silantiro sunan ganyen ne da harshen Sifaniya, kuma ta hannun mutanen Meziko ya shiga bakin Amurkawa, don su ne ba sa rabuwa da shi da lemun tsami a girkinsu. A Ingila kuwa da ganyen da 'ya'yan duk koriyanda ake ce musu, kuma da wannan sunan masu kayan gwari suka fi saurin gane abin da kike nema. Ki dai kula kada a haɗa ki da wani ganye mai suna fasili, don kamarsu ɗaya a ido. Tsinki ganye guda ki murza tsakanin yatsu. Fasili ƙamshin ciyawa yake, bakin ganyensa kuma da tsini. Kusbara bakinta a zagaye yake, ƙamshinta kuwa nan take zai daki hancinki.

Ni a hannun wata maƙwabciyata 'yar asalin Labanon na fara sanin darajar ganyen nan, lokacin muna zaune a Fagge ina amarya. Miyar lalo take yi irin tasu, wadda suke kira mulukiya. Na tsaya a bakin ƙofar kicin ɗinta ina kallo ta daka tafarnuwa da kusbara, ta zuba a mai mai zafi, kafin in ƙirga ashirin ta juye a tukunya ta kashe wuta. Na ce, "Har ya yi?" Ta ce in ya daɗe a wuta ƙamshin ya tafi gidan maƙwabta. Wannan maganar ita ce rabin amsarki. Ƙamshin ganyen kusbara ba ya jure zafi. Ke kuwa kin ba shi wuni cikin tsami, sannan awa guda cikin tafasa, dole ya yi baƙi ya zama kamar dusa.

Ɗaya rabin kuma lemun tsami ne. Ɗacin da kika ji daga wuri uku ya fito: farin da ke ƙarƙashin koren ɓawo, da 'ya'yan lemun, da kuma ruwan da ya daɗe yana tafasa. Kin haɗa ukun duka. Sannan tsami idan ya yi yawa kuma ya daɗe a jikin nama, yakan fara dafa shi tun kafin ya ga wuta, bayan tsokar ya yi fari ya bushe, ya riƙa marmashewa a baki alhali ciki na nan da taurinsa. Idan kuma tukunyar ta alminiyam ce, tsami na cin ta, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a abinci. Roba mai murfi ko tangaran za ki riƙa amfani da shi wajen jiƙo.

To ga yadda nake yi a gidana, mu shida. Kaza kilo ɗaya da rabi, na fi son cinyoyi da fuka-fukai domin ba sa bushewa kamar tsokar ƙirji. Lemun tsami huɗu sun isa, ki zaɓi masu santsin jiki da nauyi a hannu, su ne masu ruwa. Idan kin bi ta 'Yan Lemo za ki samu masu kyau. Kusbara ɗauri biyu, ki wanke ta sau uku a cikin roba, don yashi na maƙalewa a gindinta. Sai ki raba ta gida biyu: ganyen daban, karan daban. Yawancin mata zubar da karan suke yi, alhali shi ne ya fi riƙe ƙamshi kuma ya fi jure wuta.

Ɗauko abin goga kuɓewa, ɓangaren ƙananan ƙofofi, ki goge koren ɓawon lemu biyu a hankali. Da kin ga fari ya leƙo, juya lemun. Wannan koren shi ne sirrin girkin, a nan man ƙamshin lemu yake, kuma ba ya lalata nama ko da ya kwana a jikinsa. Ki zuba shi a turmi da karan kusbara, tafarnuwa ƙwaya shida, ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, attarugu ɗaya ko biyu gwargwadon bakin yaranki, cokalin shayi guda na 'ya'yan kusbara, masoro kaɗan, gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, da dunƙule biyu. Ki daka har ya yi laushi. Na fi son turmi a kan bilenda a nan, saboda bilenda sai an ƙara ruwa, ruwa kuma shi ke hana kaza yin ja. Ki kwashe, ki zuba man gyaɗa cokali uku da zuma cokali ɗaya, ki juya.

Ki tsane kazar sosai, ki tsattsaga kowace cinya sau biyu har wuƙa ta taɓa ƙashi, sannan ki shafe ta da haɗin, kina cusawa cikin tsagar da ƙarƙashin fata. Lura, har yanzu ruwan lemu bai shiga ba. A haka za ki iya sa ta a firiji tun safe idan kin tabbata da sanyi. Idan an ɗauke wuta kwana biyu firijin ya zama kabad, to daka haɗin kawai ki ajiye, ki sayo kazar a hanyarki ta dawowa. Da kin shigo gida sai ki matse lemu ɗaya tak a kai, ki tace 'ya'yan, ki bar ta minti 30. Kafin ki yi sallar la'asar ki wanke shinkafa, ta tsumu.

Ɗora kasko mai faɗi mai kaurin gindi, ki sa mai kaɗan ya yi zafi. Jera naman fata a ƙasa, kada su hau juna, in kaskon ƙarami ne ki yi sau biyu. Sai kuma abin da ya fi wuya ga mai sauri: ki ƙyale ta. Minti bakwai zuwa takwas ba taɓawa, a wuta matsakaiciya saboda zuma na saurin ƙonewa. Idan kin ɗaga kin ji tana manne, ba ta yi ba. In ta yi, da kanta za ta saki kaskon, fatar ta yi ja kamar ta mai gashi a bakin titi. Juya ta, ki ba ta minti biyar, ki watsa albasa guda yankakkiya, ki zuba rabin kofi na ruwa, ki rufe, ki rage wuta. Minti 15 zuwa 20 ta nuna. Mai ma'aunin zafin nama za ta ga digiri 74 a tsakiyar tsoka. Wadda ba ta da shi ta soka wuƙa kusa da ƙashi, ruwan ya fito fari tas ba jini, tsokar kuma ba ja a ciki.

Yanzu kashe wuta. Bayan kin kashe, ba kafin ba, ki matse sauran lemun, ki fara da biyu ki ɗanɗana, ki watsa yankakken ganyen, ki juya sau ɗaya ki rufe na minti biyar. Idan kin buɗe za ki ga ganyen na nan kore shar, romon ya yi kauri, tsamin kuma mai daɗi ne mai tsinka yawu.

Wannan lissafin lokaci duk na kazar gidan gona ne, irin wadda matar bidiyon ta yi amfani da ita, shi ya sa ta ce rabin awa. Kazar Hausa da ta yi rayuwarta tana tono a tsakar gida ba za ta nuna a rabin awa ba, kuma ni a wurina ta fi zaƙi nesa ba kusa ba. Sai dai a bi da ita ta hanyarta. Ki tafasa ta da albasa da citta da gishiri, ba lemu ko ɗigo, minti 45 zuwa awa guda ko fiye in tsohuwa ce, har cokali mai yatsu ya shige. Ki tsame ta ta sha iska, ki shafa haɗin, ki soya kowane gefe minti huɗu, sannan ki zuba ludayi guda na romonta a maimakon ruwa. Sauran romon ki dafa shinkafa da shi. Tafasar nan za ki iya yin ta da dare ki sa a firiji, washegari aikin minti 20 ne ya rage miki.

Maganar 'yarki kuwa, ki yarda da ita, ba tsirfa take yi ba. A cikin ganyen akwai sinadaran ƙamshi dangin waɗanda ake samu a sabulu, kuma a shekarar 2012 masu bincike a Amurka suka danganta jin wannan wari da wata ƙwayar halitta ta gado mai suna OR6A2, wadda ke aiki a hanci. Wani ya ji ƙamshi, wani ya ji sabulu, wasu ma kuɗin cizo suke cewa. Ɗiyar ƙanwata haka take. Abin da nake yi mata shi ne in cire nata kason kafin in watsa ganyen, in sa mata lawashi da ɗan na'a-na'a. Dakakken karan da ya dahu a jikin naman ba ya damunta, tana cinyewa har ta nemi ƙari.

Farar shinkafa ta dace da ita, haka ma soyayyen dankalin Hausa, don zaƙinsa na tare tsamin. Amma ranar da kika gaji, aika a sayo gurasa irin ta Jakara, ki ɗumama ta a kaskon da kika yi kazar ta tsotse romon, ki yanka kabeji da gurji a gefe, ki ajiye wa maigida yajin ƙuli-ƙuli kusa da shi. Ki rubuto min ki faɗa min ko ya sake neman shayi.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Duk lokacin da na sayo ganyen kusbara, kwana biyu ya yi yaushi ya ruɓe. Kuma da zafi ba na samunsa sosai. Yaya zan yi?
Daga wata amarya, Kurna.

AMSA: Amarya kin sha ƙamshi. Jiƙa ce ke ruɓar da shi, saboda haka kada ki wanke sai za ki yi amfani da shi. Ki datse gindin kaɗan, ki tsayar da ɗaurin a kofi mai ruwa kamar fure, ki kifa masa leda sako-sako, ki sa a firiji, kina sauya ruwan bayan kwana biyu. Zai kai mako, wani lokaci ya wuce. Idan kuma ya yi miki yawa, ki daka shi da tafarnuwa da mai, ki ƙulla cokali-cokali a leda ki sa a wurin ƙanƙara. Shanya shi ɓata lokaci ne, busasshen ba ya da ƙamshi.

Ƙarancinsa da zafi kuwa halin shukar ne: da ta ji rana ta yi tsanani sai ta bar yin ganye ta miƙe ta yi fure. Lokacinta hunturu. Daga Nuwamba ki samu tsohon baho ki huda gindinsa, ki cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. 'Ya'yan kusbara na kasuwa ma suna tsira in ba tsofaffi ba ne. Kowace ƙwaya iri biyu ne a manne, ki murza su a hankali da gindin kofi su rabu, ki jiƙa su kwana, ki watsa, ki rufe da ƙasa kaɗan. Ajiye bahon inda hantsi ke samunsa amma inuwa ta rufe shi da azahar, kina yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin mako biyu za ki ga tsiro, bayan mako biyar ko shida ki fara tsinka daga ganyen waje, ki bar na tsakiya. Ki kuma ɗora bahon a kan bulo ko ki kifa masa raga, don kajin maƙwabta ba za su bar miki ko ɗaya ba.