Sunan kakan da aka ɓoye

Ka tambaya yadda za ka gano sunan kakan mahaifinka tunda dattawan gidanku sun rasu. Malam, fara da waɗanda ake kira Abba, Baffa ko Ummi. Galibi sunan kaka suka ci, kunya ta hana a faɗa. Ka tambayi sunan yankansu, sau da yawa shi kake nema.

Laƙabi ma yana taimakawa. Garba Abubakar ne, Shehu Usman, Sanda Umaru. Gambo kuwa bayan tagwaye ya zo, Tanko bayan mata.

Amma kada sunan gari ya ruɗe ka. Shagari da Tafawa Balewa garuruwa ne, ba sunayen iyaye ba.