Maigidana ya fi son katun ɗin Japan a kan hira da ni

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki ɓoye sunana kuma ki taimaka ki amsa min da wuri dan abin nan ya kai min wuya.

Anti matsalata da maigidana ce, kuma wallahi har kunyar faɗa nake ji, dan in mace tace tana da matsala da miji kowa zai ɗauka ko neman mata yake ko ba ya ba da cefane, to ni nawa ba ko ɗaya ciki, katun ne. Katun fa Anti. Namiji da gemunsa, mai iyali, wanda a wajen aiki ake ce masa oga, da ya dawo ya ci abinci ya yi isha'i shikenan sai ya jawo laftof ya toshe kunnuwa da iyafis ya zauna gaban waɗannan zanen masu manyan idanu da gashi kala kala suna ta ihu suna tsalle, wai shi anime, har sha biyun dare, wani lokacin ma in na farka sai in ga hasken laftof a fuskarsa. In an ɗauke wuta ya koma waya. In data ta ƙare ya saka wata. Ni ina zaune a gefe kamar ba mutum ba.

Ni ba wai bana kallo bane, ina kallo sosai ma, tun ina budurwa na kalli Jumong da Jewel in the Palace, Boys Over Flowers kuwa har yau in na tuna sai na ji wani iri, ga na Indiya masu fassara ga namu na Hausa masu dogon zango duk bana bari su wuce ni, amma ai waɗannan mutane ne na gaskiya Anti, masu jini a jika, in mace tana kuka hawaye ne na gaske kake gani ka tausaya mata. Shi kuwa zane ne. Kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yake raina min nawa, wai mari ɗaya sai an nuna shi ta gefe uku ana buga ganga, wai biki ɗaya sai a yi wata ana yinsa, wai bai san me nake tsinta a ciki ba. Mai kallon katun ne fa yake gaya min haka.

Da ma ƙwallo yake kallo kamar sauran maza ai da na san abin da zan ce wa mutane. Mijin yayata labarai yake ji da ƙwallo, mijin maƙociyata wa'azi, ni nawa in ƙawaye suna hirar abin da mazansu suke kallo sai in yi shiru in kama danna waya. Rannan har dariya naji yana yi shi kaɗai, wani dare kuma na kalle shi na ga idonsa ya yi ja ya cika da ƙwalla yana sharewa da bayan hannu a ɓoye, a kan zane Anti, mutumin da ko lokacin da na kwanta rashin lafiya ban ga hawayensa ba. Akwai ma ranar da ya cire iyafis ɗin ya matso yace zo ki ga wannan irin naki ne zai miki daɗi, na kwashe da dariya nace ni ai na wuce shekarun nan, ƙanwata tana nan ita ma ta taya ni, to bai dai ƙara ba ni ma ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne wannan toshe kunnen kullum, in kira shi sau biyu sai na taɓa shi kafin ya ɗago yace na'am, kuma idonsa na kan laftof ɗin. Yaronmu ma in ya dame ni ina kallona sai in tura shi wajen babansa su kalla tare tunda dai abin yara ne, to kin ga har yaron ya fara koya.

Na yi fushi na yi shiru na yi magana duk a banza. Wata ƙawata tace in kai ƙararsa wajen Hajiyarsu, wata tace in jira ya fita in goge duk abin da ke cikin laftof ɗin, ɗaya kuma tace in daure in dinga kallo tare da shi. To Anti in har kallon ne mafita wanne zan kalla? Ni bana son faɗa da ihun nan, ko akwai mai labarin soyayya ko zaman aure ko gidan sarauta irin wanda na saba? Ko kuwa in kai shi wajen Hajiyar? Wallahi na gaji da zama da mutumin da ya fi son zane a kaina.

Taki, mai damuwa daga Zariya.

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya daidaita tsakaninku.

Masu bibiyar shafin nan sun san bana yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, mijinki bai rubuto ba, dan haka ba zan ce wane ne mai gaskiya ba. Amma na karanta wasiƙarki na maimaita, kuma wuri ɗaya nake ta tsayawa, wurin da kika wuce da gudu kamar ba komai. Kin ce wata rana ya cire iyafis ya matso kusa da ke yace zo ki ga wannan irin naki ne. Kika yi masa dariya, a gaban ƙanwarki, ita ma ta taya ki. Sannan kika ce bai ƙara ba. To ina zai ƙara? Mutumin nan ya zauna ya yi tunanin me matata take so, ya zaɓo wanda ya dace da ke, ya danne nauyin da yake ji ya kira ki, aka mayar da shi abin dariya a falonsa. Iyafis ɗin da kike kuka da shi ai ranar ya cire shi da hannunsa. Laifi tudu ne 'yata, kin taka naki kina hango nasa. Kuma ki duba, duk tsawon wasiƙar nan ba ki faɗi sunan ko ɗaya daga cikin abin da yake kallo ba, amma naki kin jero su tiryan tiryan, wato ko sau ɗaya ba ki taɓa tambayarsa ba.

Shi ma yana da nasa, raina miki kallonki ba daidai ba ne, kuma mace ta kira miji sau biyu bai ji ba abin haushi ne, da zan gan shi zan gaya masa. Amma namijin da yake gida bayan isha'i kina ganinsa yana ganinki, mata nawa ne suke rubuto min suna kukan nasu yana majalisa har ɗayan dare? Hawayen da kika gani kuma ni daɗi naji, zuciyarsa na da taushi kenan. Maganar kai ƙara wajen Hajiya ki ajiye ta, me za ki ce ya yi? Gogewa kuwa kada ki soma, wadda ta ba ki shawarar nan ba ta son zaman lafiyarki.

Bari in gaya miki wani abu. Boys Over Flowers ɗin nan da kike so, na Koriya na 2009, asalin labarin ba na Koriya ba ne. Littafin zane ne na Japan mai suna Hana Yori Dango, wata mata Yoko Kamio ta fara shi a 1992, har an yi anime ɗinsa a 1996, shekara 13 kafin 'yan Koriya su ɗauka su sa mutane. Labarin da ya sa ki jin wani iri daga wajen masu zanen nan ya fito.

Ni ma 'yata da ke jami'a ce ta zaunar da ni na fara gani, dan haka abin da na kalla zan faɗa miki. Ki fara da My Happy Marriage, ya fito a 2023, zangon farko kashi 12 ne kuma kowane kashi bai kai minti 25 ba. Labarin Miyo ne, marainiya, uwarta ta rasu uban ya ƙara aure, matar uba da 'yarta suka mayar da ita baiwa a gidan ubanta, saurayin da take ɗan jin daɗinsa aka ba ƙanwar, ita kuma aka tattara ta aka kai wa wani hafsan soja da aka ce duk wadda aka kai masa ba ta kwana uku take gudu. Washegari ta tashi da asuba ta dafa masa karin kumallo da hannayenta duk sun faffashe, ya kalli abincin yace ta fara ci, ta kasa dan a gidansu ba ta isa ta ci kafin manya ba, sai ya ɗauka guba ta zuba ya tashi ya bar abincin. Ranar da ya ci yace ya yi daɗi kuwa kuka ta fashe da shi, dan rabon da wani ya yaba mata ta manta. Ki gaya min wane fim ɗin Indiya ne ya fi wannan? Akwai maganar baiwar tsafi da aljanu a ciki irin na almararsu, wannan ki kalle shi a matsayin tatsuniya.

Tunda kin kalli Jewel in the Palace, na biyu shi ne The Apothecary Diaries, shi ma 2023, zangon farko kashi 24. Wata yarinya ce Maomao mai haɗa magunguna aka sace aka sayar a cikin gidan sarki inda matansa da ƙwaraƙwarai suke, ƙasar an ƙirƙire ta ne amma da tsohuwar Sin aka kwaikwaya. Tun kashin farko jariran matan sarki biyu suna ta ciwo kowa na cewa asiri ne, ita ta gano farar hodar da iyayen ke shafawa ce mai guba, ta rubuta gargaɗi a ƙyalle ta ajiye a ɓoye, wadda ta ji 'yarta ta rayu, wadda ta yi watsi da shi ta rasa ɗanta. Daga nan aka sa ta ɗanɗana abinci kafin uwar ɗakinta ta ci. Kishi da makirci da munafuncin kuyangi duk suna nan. Sai dai yarinyar a unguwar mata masu zaman kansu ta tashi, akwai zantuka da shigar da ba na gaban yara ba.

In kuka kike so, Violet Evergarden na 2018, kashi 13, yarinya ce da aka yi yaƙi da ita ta rasa hannaye biyu aka sa mata na ƙarfe, ta koma rubuta wa mutane wasiƙa da tafireta. Kashi na 10 wata uwa mara lafiya ce ta ɗauke ta aikin kwana bakwai, 'yar ƙaramar 'yarta na ta fushi an hana ta zama da mamanta. Ba zan faɗa miki wa ake rubuta wa ba, ki dai ajiye hankici kusa. Sai Monster in kun saba, wannan ku kalla tare dan na san zai so shi, kashi 74 ne, likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Japan a Jamus da ya zaɓi ya yi wa wani yaro tiyata ya bar magajin gari, ya rasa muƙaminsa budurwarsa ta guje shi, bayan shekara tara ya gano yaron da ya ceta ya zama mai kisan mutane. Babu ihu babu tsalle, amma yana da nauyi. One Piece da Naruto kada ki fara da su, na farkon ya haura kashi 1000, na biyun 720, za ki gaji ki ce dama na faɗa. In karanta fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton na ba ki wahala ki ce ya nemo wanda aka sa wa muryar Turanci, kuma ki ba kowanne kashi uku kafin ki ce bai miki ba.

Yanzu da ku nake iyaye masu karatu gaba ɗaya, maza da mata. Ku daina miƙa wa yaro waya dan kun ga zane ne. A Japan da yawan waɗannan da tsakar dare ake nuna su a talabijin saboda ba dan ƙananan yara aka yi ba. Attack on Titan da samarinmu ke yayi, a kashin farko ake nuna wani ƙato ya cinye uwar yaro a gaban idonsa. Wasu jini ne, wasu tsiraici ne ƙarara, wasu kuma aƙidu ne da yaro bai da hankalin tacewa. Ana zuwa shagon masu tura fim a cika wa yaro memori da abin da uwar ba ta taɓa buɗewa ba, in ya fara firgita da dare a ce mayu ne. Duk abin da ba ku kalla da idonku ba kada ku bar ɗan shekara bakwai da shi. Ke ma 'yata daga yau ki daina tura yaron nan dan ki samu sararin kallonki, sai kin san me ke kan laftof ɗin, shi uban ya zaɓo masa wanda ya dace da shekarunsa.

Abin da za ki yi, ki bari sai yaro ya yi barci, ba baƙo a gidan, ki zauna kusa da shi ki ce ranar nan da ka kira ni wanne ne ka so ka nuna min? Zai iya basarwa yace ya manta, kada ki yi fushi, ki sake tambaya wani daren. In ya kunna ki kalla har ƙarshe ba tsaki ba danna waya, ko da bai miki daɗi ba ki faɗa masa dalili da mutunci. Bayan nan ne za ki roƙe shi ya ware dare biyu a sati da ba iyafis, ɗaya nasa ɗaya naki, ya zauna shi ma ya ga na Koriyan ba tare da ya yi miki ba'a ba. Ƙanwar taki kuma ki kira ta gefe ki ja mata kunne, in ta sake zuwa gidan ta gaishe shi da ladabi, kada ta ƙara sa baki a abin da ke tsakaninki da mijinki.